Na faɗi bak sau biyu, ina son koyon aikin wuta, gida sun ce ba aikin mace ba ne

Tambaya: Malam, ni 'yar Damagaram ce, shekaruna 22. Na zauna bak, jarrabawar gama sakandare, sau biyu ban samu ba. Tun ina ƙarama ni ke gyara fitila da rediyon gidanmu, yanzu ina son in koyi haɗa wutar gida da ta sola. Kawuna, wanda ke riƙe da mu tun rasuwar babanmu, ya ce aikin maza ne. Inna ta ce wa zai auri mai hawa rufi. Ƙawayena kuma dariya suke yi, wai wadda ta kasa bak ina ita ina lissafin wuta. Tun ina musu har na fara yarda da su. Shin in haƙura?

Amsa: Ɗiyata, Allah ya jiƙan mahaifinki, ya kai haske kabarinsa. Na shekara 27 ina koyar da aikin wuta a garin nan. Yara da yawa sun bi ta hannuna, mata a cikinsu kaɗan ne amma akwai su, saboda haka tambayarki ba baƙuwa ba ce a kunnena.

Ba zan ce miki "za ki iya" ba, domin ban taɓa ganin hannunki a kan waya ba. Sai dai ki lura, waɗanda suka ce ba za ki iya ba, su ma babu wanda ya zaunar da ke ya ba ki aiki ya auna. Tawa da tasu duk magana ce, magana kuwa ba ta kunna ƙwan fitila ko ɗaya. Abin da zan iya yi miki shi ne in taya ki tsince maganganun nan kamar yadda ake tsince tsakuwa a cikin wake, don na ga kin zuba su a buhu ɗaya kin ɗora a kai, alhali ba nauyinsu ɗaya ba. Duk maganar da ke karya gwiwa, in kin fasa ta, za ki tarar da labari a ciki ko hukunci. "Wutar lantarki na kisa" labari ne, gaskiya ne, kuma ana yi masa shiri. "Ke ba za ki iya ba" hukunci ne da aka yanke ba a saurari shaida ba. Labarin ki karɓe shi hannu biyu ko daga bakin maƙiyi ya fito. Hukuncin ki ajiye shi gefe tukuna. Kada ki yarda da shi, kada kuma ki ɓata yawunki wajen ƙaryata shi.

Ta ƙawayenki ita ce mafi sauƙi. A ƙasar nan, yawancin shekarun nan, cikin yara uku da suka zauna bak biyu ne ke komawa gida hannu rabbana, wata shekarar ma uku cikin huɗu. In faɗuwa bak shaidar daƙiƙanci ce, to yawancin 'yan lise na Nijar daƙiƙai ne, ni kuwa da na zauna da su na san ba haka ba ne. Bak tana tambayarki falsafa da tarihi da dogon Faransanci cikin 'yan kwanaki, ga zafi ga fargaba. Wuta abin da take tambaya kaɗan ne, amma ba ta yafe kuskure.

Ga irin lissafin da za ki riƙa yi kullum. Mai shago a unguwarku ya ce yana son ƙwai 4 masu wat 10 su yi masa awa 5 da dare, da fanka mai wat 60 ta yi awa 6. Ƙwayayen, 4 sau 10 sau 5, 200 ke nan. Fankar, 60 sau 6, 360. A haɗa, wat-awa 560 a kwana ɗaya, wato wat sau awannin aiki. Batir mai bolt 12 da amfiya 100 yana ɗauke da 12 sau 100, wato 1,200, amma batirin dalma in ana son ya yi kwana ba a shan fiye da rabinsa, saura 600. Ya isa, da ƙyar, kuma in kayan na bolt 220 ne sai an ƙara wani abu saboda ita ma inbata, mai juya wutar batir ta koma ta gida, tana cin nata. Sai farantin sola da zai mayar da abin da aka sha. A nan muna lissafa awa 5 na rana mai ƙarfi, mu zubar da kashi ɗaya cikin huɗu saboda zafi da ƙura da abin da ke ɓacewa a waya. Faranti mai wat 150 sau 5 ya ba da 750, a cire rubu'i, saura wajen 560. In kin biyo ni har nan ba ki ɓace ba, lissafin wuta bai fi ƙarfinki ba. 'Yar ajin birebe, ajin ƙarshe na ƙaramar sakandare, ma tana yinsa.

Amma ba zan bar ki ki tafi da wannan kawai ba. Faɗuwa sau biyu tana da dalili, kuma ke kaɗai kika san shi. In rashin lafiya ne, ko aikin gida da neman ruwa suka cinye miki lokacin karatu, ko hannunki ke rawa in kin ga takardar jarrabawa, wannan wani abu ne daban. In kuwa ke mai fara abu da zafi ce ki sake shi bayan sati uku, to wannan hali zai bi ki har atilye, wato shagon koyon aiki, kuma can babu mai yi miki uzuri. Ki zauna ke kaɗai ki amsa wa kanki, ba sai kin gaya wa kowa ba.

Bari in ɗan ratse. Matasanmu sun ɗauki wata ɗabi'a, duk wanda ya ce musu "a'a" sai su ce mahassadi ne, su rubuta "hassada ga mai rabo taki ce" a bayan kabu-kabu su wuce. Karin maganar gaskiya ce, amma ta zama mafaka ga wanda ba ya son jin gyara. Cikin mutanen da kika lissafa ban ga mahassadi ba. Ƙawayenki na dariya ne don abin baƙo ne a idonsu, wata ma tsoro take kada ki bar ta a baya. Kawu da Inna kuwa tsoro ne zalla, tsoron masoyi. Mahassadi ana share shi ne. Mai tsoro dominki kuwa sai an kwantar masa da hankali, kuma wannan ya fi wuya nesa ba kusa ba.

Kawunki ya ce aikin maza ne. In ƙarfi yake nufi, maganar ba ta da ƙafa. Macen garin nan da ke ɗauko bokitin ruwa a kai daga famfo mai nisa a watan bazara, ko ta yi daka ta ciyar da gida guda, faranti mai wat 150 ba zai gagare ta ba, nauyinsa bai kai bokitin ruwan ba. Batir ne mai nauyi, shi kuwa maza ma su biyu suke kama shi in suna son bayansu. Amma ina zaton ba ƙarfi yake nufi ba. Abin da ke ransa, wanda kunya ba za ta bari ya faɗa miki ba, shi ne: za ki zauna cikin samari goma a atilye daga safe har yamma, za ki shiga gidajen mutanen da ba ki sani ba, za ki hau tsani mutane na kallo, kuma duk abin da aka faɗa a kanki a majalisa shi za a duba, a ce marainiyar da aka bar masa ya sake ta. Ɗiyata, duk wannan labari ne, ba hukunci ba, kuma gaskiya ne. Na ga yarinya mai basira da ta bar aikin nan ba don ya fi ƙarfinta ba, sai don wani yaron atilye marar tarbiyya da surutun unguwa. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba.

Tunda labari ne, ana amsa shi da shiri. Wa zai koya miki, mutumin da Kawu ya sani ko zai iya bincika halinsa? Ƙarfe nawa za ki fita, ƙarfe nawa za ki dawo? In aikin cikin gida ne, wa zai raka ki? Ƙanenki ɗan shekara 12 ya isa, ya riƙe miki tsani ya miƙo miki kaya, shi ma ya koya. Me za ki sa? Wando a ƙarƙashin doguwar riga, da ɗan hijabi da aka cusa cikin wuyan riga, domin babban hijabi mai lilo kusa da injin huda bango haɗari ne tun kafin a zo maganar mutunci. In kin je wa Kawu da waɗannan amsoshi tun bai tambaya ba, zai gane ba ɗoki ne ke ɗibarki ba.

Kuma kada ki je masa da kanki karon farko. Ba a gardama da uba fuska da fuska a ci riba, ko kin fi shi hujja kin yi asara, domin in ya janye a gabanki girmansa ya zube, shi kuwa ba zai bari ya zube ba. Ki nemi wanda yake jin nauyinsa, gwaggonku babba, ko aminin marigayi babanku, ko limamin masallacin da yake salla. Shi za ki fara gamsarwa, shi ya kai maganar. Abin da za a roƙa kuma kada ya zama "a bar ta ta zama mai aikin wuta har abada." Wannan ya yi wa dattijo girma ya amsa a zama ɗaya. A roƙi wata shida, da sharaɗin cewa in ya ga abin da bai gamshe shi ba, shi ke da ikon tsayarwa. Mutum ya fi saurin buɗe ƙofar da ya san makullinta na aljihunsa.

Akwai kuma hujjar da nake ganin za ta shige shi fiye da kowace. A Birni da Zango da sauran unguwanni, gidaje nawa ne aka rubuta wa "ba a shiga"? Soket ya ƙone a ɗakin uwargida da hantsi, sai ta jira maigida ya dawo daga kasuwa, ya nemo mai gyara, a kawar da mata gefe, a yi aikin cikin gaggawa. Wani gidan sai a kwana uku cikin duhu saboda wannan kawai. Mace mai aikin wuta sallama za ta yi ta shige har ƙuryar ɗaki. Abin da Kawu yake gani naƙasu, shi ne kasuwar da babu namijin da zai yi takara da ke a cikinta. Mai kishin kulle ma shi ya fi kowa buƙatarki.

Ta Inna ta fi taɓa ni, kuma ina roƙonki kada ki raina ta. A Nijar, cikin 'yan mata huɗu wajen uku ana yi musu aure kafin su cika 18. Ke kina 22. Duk biki, duk suna, sai an tambaye ta, "Ina labarin 'yar taki?" Ke ba kya wurin, ita ke haɗiye amsar. Da ta ce wa zai auri mai hawa rufi, ba zaginki take ba, tambaya ce ta gaske da ke hana ta barci. Ba ni da alkawarin da zan yi mata, miji na Allah ne. Abin da na gani da idona dai shi ne, akwai mazan da za su gudu in sun ji sana'arki, kuma gara su gudu yanzu da su aure ki su kulle akwatin kayan aikinki. Duk wanda ya zo neman aurenki, a gaya masa tun a zaure, a gaban waliyyai, cewa ga abin da kike yi. Inna kuma ba da baki za ki rinjaye ta ba. Aikinki na farko da hannunki ya zama a ɗakinta: ƙaramin faranti, ƙaramin batir, ƙwai ɗaya da wurin cajin waya. Daren da Nigelec ta ɗauke wuta unguwa ta yi duhu, maƙwabta suka shigo cajin waya wurinta, ki saurari abin da za ta ce musu.

Haka mutanenmu suke sauya ra'ayi, ba a majalisar gardama ba. Ki tambayi tsofaffin manoman Magarya da Matamaye da Mirya. A da, manomin kirki shi ne wanda ya share gonarsa tas, ya tumɓuke duk wani toho. Wanda ya fara barin 'ya'yan gawo a tsakiyar gona, raggo ake ce masa. Bayan yunwar 1984 aka fara barin su ana sassabe su, mutane suka ga geron da ke ƙarƙashin gawo ya fi na fili, ga itacen girki, ga abincin dabbobi a rani. Yau ana maganar hekta wajen miliyan 5 da suka sake yin itace a ƙasar nan, kuma yankinmu na cikin inda abin ya fi yawa. Babu wanda ya je ya ba raggon nan haƙuri. Kwaikwayonsa kawai aka yi. Ke ma kada ki jira ranar da za a zo a ce miki "mun yi kuskure", ba a cika yi ba. Wata rana dai za ki ji Kawu yana ce wa wani, "Bari in turo maka 'yar wajena ta duba," kamar shi ya kawo shawarar tun farko. Ki bar masa.

Yanzu ga inda ciwon yake, inda kika ce "har na fara yarda da su." Wani masanin halayyar ɗan Adam, Albert Bandura, haifaffen Kanada da ya koyar a jami'ar Stanford ta Amurka, ya bayyana a 1977 cewa yardar mutum da iyawarsa tana fitowa ne daga wurare huɗu: abin da ya taɓa yi da hannunsa ya yi nasara, ganin wani irinsa ya yi, maganar mutane, da yanayin jikinsa lokacin da zai yi abin. Mafi ƙarfi shi ne na farko. Magana kuwa tana da wani mugun hali, ta fi iya rushewa da ginawa. Ni ban buƙaci bature ya gaya mini ba, a atilye na gani. Yaron da ake yi wa kirari bai taɓa haɗa komai ba, ranar farko da waya ta yi masa tartsatsi yake gudu. Wanda ya haɗa ƙwai ɗaya da makunni ɗaya ya danna ya ga haske, ko duk garin ya ce bai iya ba, ya san abin da ya gani.

Halin da kike ciki ke nan. Abin da kika yi da hannunki na baya-bayan nan, wanda kowa ya shaida, faɗuwa ce sau biyu. Macen da ke aikin ba ki taɓa gani ba. Maganar da ke shiga kunnenki duk ta rushewa ce. In ba ki fara shakka ba ai da na yi mamaki. Shakkarki ba wahayi ba ce game da abin da Allah ya ajiye a cikinki, sakamakon abin da kike ci ne kullum. Maganinta kuma ba ki tsaya gaban madubi kina ce wa kanki gwarzuwa ba. Ki tara ƙananan ayyukan da kika gama. Ki sami kaye, littafin rubutu, ki rubuta: ranar kaza na canja soket a ɗakin gwaggo, yana aiki, ranar kaza na gano wayar da ta katse a fankar maƙwabciya. Har wanda ya ɓaci ki rubuta, da dalilin ɓacinsa. Ranar da zuciya ta ce miki ba ki iya komai ba, ki buɗe kayen ki ƙirga.

Abu ɗaya nake jiye miki, kada ki mai da "sai na nuna musu" abincin tafiyarki. Ni na yi, na san ɗacinsa. Ni ɗan majemi ne. Ina ajin ƙarshe na firamare wani mushe, malaminmu, ba zan kama sunansa ba, ya toshe hancinsa a gaban aji ya ce ɗan majema ko ya ci sabulu ba ya rabuwa da warin jima, in koma wurin bagaruwa in bar wa 'ya'yan mutane benci. Na riƙe maganar nan shekara da shekaru. Ta sa na yi karatu, ban musa ba. Amma ta sa na zama mutumin da ba ya iya cewa "ban sani ba", don ina ganin duk tambayar da na yi shaida ce gare shi. Saboda wannan girman kai na taɓa ƙona injin famfon wani bawan Allah, abin da tambaya ɗaya ga maigidana za ta hana, kuma tabon da ke babban yatsana na dama daga nan yake. Bayan na zama malami sai ga shi an kira ni gyara a wani gida, ashe gidansa ne. Na shiga ina shirya abin da zan faɗa. Ya tsufa, ya sa aka kawo mini ruwa, ya tambaye ni ɗan gidan wa, na gaya masa, ya sa mini albarka. Bai tuna ni ba, balle maganar. Na fito kamar wanda ya ɗauko tulu tun daga Birni har Zango ya sauke ya tarar babu ruwa a ciki.

Aikin kansa yana da kasuwa, wannan kam ba na shakka. Kin tuna watan Agustan 2023, da Najeriya ta katse wutar da take ba mu, alhali wajen kashi 70 cikin 100 na wutar ƙasar nan daga can take zuwa? Har watan Maris na 2024 ana cikin wannan hali. Masu ƙanƙara, masu ɗinki, masu cajin waya, kowa ya waiwayi sola. Farashin faranti kuma ya faɗi da wajen kashi 90 cikin 100 tsakanin 2010 da 2020. Abin da Farfesa Abdou Moumouni, ɗan Tasawa, wanda jami'ar Yamai ke ɗauke da sunansa, ya duƙufa a kai tun yana shugabantar ofishin makamashin rana a 1969, lokacin da mutane ke ganin abin wasan masana ne, yau a kasuwar Dole ake cinikinsa. Masu haɗawa sun yi yawa, masu haɗawa daidai ne suka yi kaɗan. Kullum ana kawo mini ƙarar batirin da ya mutu cikin wata shida, in na je sai in tarar da abu iri ɗaya: siririyar waya a ɓangaren bolt 12 inda ake buƙatar mai kauri, babu fis kusa da batir, batirin an ajiye shi a ɗakin kwano da ke tafasa a watan Afrilu, faranti ya kwanta shimfiɗe ƙurar hunturu ta rufe shi wata biyu ba a share ba. A nan faranti kudu yake fuskanta, a ɗan karkace wajen digiri 15. Batir ake fara haɗawa da regilater, mai daidaita cajin batir, kafin faranti. A wutar gida, waya mai kaurin lamba 1.5 ta fitila ce, mai 2.5 ta soket. Wadda ta kiyaye waɗannan, ta gaya wa mai kaya gaskiya cewa batir ɗaya ba zai ja masa firji ba ko da zai fasa ba ta aikin, sunanta zai riga ta shiga gidaje.

Sai dai kada ki ɗauka 'yan gyare-gyaren gida sun mai da ke gwana. Ki shiga hannun wani. Ki je ofishin koyar da sana'o'i na jiha da takardar birebenki ki tambayi inda ake ɗaukar masu koyon lantarki, akwai cibiyoyin koyon sana'a na gwamnati irin waɗanda ake kira CFM, akwai masu zaman kansu. Takarda tana da amfani ranar da za a ba da aikin makaranta ko na gidan likita. Amma ko kina makaranta ki manne wa wani maigida mai aiki, ko da watanni uku na farko fasa bango da jan waya kawai zai ba ki. Zai yi miki tsawa, wani lokaci ba da haƙƙi ba. Ki bambanta tsawar da ke cewa "wannan haɗin bai yi ba, sake" da wadda ke cewa "ku mata haka kuke." Ta farko kuɗi ce ake ba ki kyauta. Ta biyun in ta yi yawa, ko ta koma wani abu da ya wuce magana, ki gaya wa Kawu a ranar, a canja miki wuri. Dokar rai kuma guda ce ba ta canjawa: a kashe dijonkter, babban makunnin wutar gida, a gwada da testa, testar ma a fara gwada ta a inda aka san akwai wuta. Wanda ya ce miki "na kashe" kada ki yarda sai kin gwada da hannunki, ko ni ne.

To, shin akwai ranar da zan ce ki haƙura? Akwai. In wata shidan nan suka cika kika ga kina ƙirƙiro dalilin ƙin zuwa, ko kuskure iri ɗaya kike maimaitawa bayan an nuna miki sau biyar, ko tsoron wuta bai ragu ba har hannunki na rawa a kan aiki, to ki bari, ba abin kunya ba ne. Kin bari ne da shaidar idonki, kuma ko gyaran waya, ko sayar da kayan sola, ko komawa ki sake zaman bak daga gida, duk suna nan. Barin da ba na so shi ne na yanzu, wanda ba a gwada komai ba, domin irinsa ne ke dawowa mutum yana da shekara 40 ya hana shi barci.

Kayan farawa ba su da yawa: multimita, testa, filaya, sukudireba biyu, abin feƙe waya da tef. In Inna tana cikin adashe ko asusun mata irin na Mata Masu Dubara, wanda a ƙasar nan aka fara shi a 1991 kafin ya bazu duniya, ki roƙe ta ta ranta miki kuɗin multimitar daga nan, ki riƙa biya jika ɗaya-ɗaya. Ko kina da kuɗin ki yi haka. Wadda kuɗinta ke cikin abu, addu'arta ma tana ciki.

Ranar da za ki fara zuwa, ki cire zobe da awarwaro ki ba ta ta ajiye miki, don ƙarfe in ya haɗa kawunan batir biyu narkewa yake a jikin mutum. Ki sa takalmi rufaffe mai tafin roba, ki tafi da kaye da bik. Ki kuma karya kumallo sosai, yawancin masu gidan ba sa tuna cewa yaran atilye na cin abinci sai bayan azahar.